Sodangi Ya Daina Saukar da Fitila

A gyara zama, jama'a, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Sodangi ɗan Kaikai, sarkin ƙarƙashin ƙasa da ba a naɗa ba, uban ƙasar kwaɗi, mai ofis ɗin da ƙofarsa ke sama. Manyan mutane sama suke yi in sun girma, shi kuwa shekara talatin ke nan yana yin ƙasa. In ka sha ruwan rijiya tsakanin Rimaye da Kusada ka ji ɗan gishiri-gishiri, kada ka zargi kowa, zufarsa ce.

A ido ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne, baƙi, kafaɗunsa kamar an kifa turmi, tafin hannunsa kuwa in ya gaisa da kai sai ka duba ko ya kankare maka fata. Haƙar rijiya ya gada. Yana ɗan shekara goma sha biyar ubansa ya miƙa masa dagi, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya gaya masa magana ɗaya da ya ce ta fi dagin muhimmanci: ba a shiga rami sai fitila ta riga ka. A kunna ta, a ɗaure da zare, a zura a hankali har ƙasa. In ta ci gaba da ci, bismillah. In ta mutu a hanya, to iskar ciki ta lalace, kuma abin da ya kashe wutar nan ba zai ji kunyar mutum ba.

Da tsohon ya rasu, Sodangi ya ci gaba da sana'ar da ƙanensa Hamma. Ɗaya na ciki, ɗaya na riƙe da igiya, in an gaji a yi musanya. Hamma mai surutu ne, ko yana gaba goma a ƙasa sai ka ji yana ba kwaɗi labarin siyasa. Na sama yakan ja igiya sau ɗaya, na ƙasa ya amsa da ja ɗaya, ma'ana ina nan.

Shekara huɗu da suka wuce, a wata rijiya da suke yasa, Sodangi ya saukar da fitila da safe, ta ci lafiya lau. Suka tafi sallar azahar. A bayansu mai gidan ya tada injin jan ruwa a bakin ramin don ya rage masu aiki, hayaƙin ya gangara ya zauna. Da suka dawo, layin Hamma ne. Ya shiga yana magana, sai maganar ta yi ja baya, sai ta tsaya. Sodangi ya ja igiya sau ɗaya. Ya sake ja. Igiyar ta yi nauyi kawai.

Bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ci tuwon da aka kawo, bayan addu'ar bakwai ya ɗauki daginsa ya koma aiki. Tun daga nan komai ya zame masa ɗaya. Miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba, ya cinye. Rannan maciji ya faɗo masa a wuya cikin wata tsohuwar rijiya, ya cire shi kamar mai cire rawani, ya ci gaba da cika guga. Mutane suka riƙa cewa kai, Sodangi namiji ne. Matarsa Kulu ce kaɗai ta lura da abin da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa: fitilar, gizo-gizo ya yi mata gida.

To, Sodangi yana da wani taubashi a Kankia, ɗan kawunsa, Zahradeen, wanda kowa ke kira Dini. Shekararsa ashirin da bakwai, boko ya kai shi aji biyar suka rabu ba faɗa. Ya taɓa acaɓa, ya taɓa gyaran waya, ya taɓa kiwon kaji har suka mutu a rana ɗaya kamar sun yi shawara. Yanzu gidan gem gare shi a bayan tasha: talabijin biyu, benci uku, sola ɗaya mai ciwon asma. Ya buga wasannin tsoro har sun daina yi masa komai. Dodo zai fasa ƙofa, abokansa su watse, shi yana tauna gyaɗa. In ya rufe shago ya kwanta, ba ya tuna abin da ya yi da yinin.

Shi ya sa ya ɗora rai a kan wani sabon gem da aka ce zai fito bayan babbar sallah. Wata biyar yana jira, yana jan layi da alli a bango. Labarin wasu masu haƙar ma'adinai ne da kumbo ya kai wata duniya mai nisa, inda ba iska sai wadda ka goyo a bayanka, suka haƙa rami suka tono abin da bai kamata ba. Duk wanda ya zauna a bencin Dini ya sha wa'azi.

"Ku ba ku san tsoro ba," in ji shi. "Dodon da ka gani ya gama aiki. Tsoro shi ne ka ji motsi a bayanka, ga harsashinka saura ɗaya, ga fitila tana ƙyafta ido. Wannan karon sai na ji abin da ake ji."

A makon da masu gem ɗin suka saki ɗan guntun gwaji, Kulu ta shigo Kankia kai barkono niƙa, ta tsaya a ƙofar shagon ba ta shiga ba.

"Dini, an ce kana da abin tsoro a akwatin nan."

"Yaya Kulu, wanda nike da shi yanzu, in kin gani sai kin yi wata ba ki shiga banɗaki ke kaɗai ba."

"Ba ni ba. Taubashinka za ka nuna mawa." Ta gyara mayafi. "Ran Asabar za shi shiga rijiyar Bauranya, wadda aka rufe da kwano shekara tara. Kuma ya bar saukar da fitila. In na yi magana sai ya ce ranar Hamma ma an saukar. Mai haƙar rijiyar da ba ya jin tsoro, ai likkafani kawai ya rage a auna mashi. Ka tsorata man shi, ko yaya ne."

Dini ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskarta, ya ce to.

Ranar Alhamis bayan azahar ya tare Sodangi a wajen masu siminti, ya jawo shi da tsiya. "Taubashi, zo ka ga rijiyar Turawa, ka san kai ƙaramin ma'aikaci ne." Ya rufe ƙofa, ya toshe taga da bargo, ya ɗora masa babban iyafis a kunne, ya ƙure murya. Shi ya riƙe hannun gem ɗin, Sodangi ya zauna kamar mai jiran a yi masa aski.

Mutum biyu ne a allon, cikin rigunan 'yan sama jannati, igiya ɗaya ta haɗa su. Dini ke tuƙa na gaba. Na bayan kuwa inji ke tafiyar da shi, kuma bakinsa ba ya hutawa, yana ta zuba Turanci ta rediyo. Suka gangara rami. Bango na ɗiga, wani abu na ja da ciki a cikin duhu. Can sai ga dodon ya sauko daga rufi, ƙafafu takwas, baki har ƙirji. Dini ya saci kallon taubashinsa. Sodangi na sosa idon sawu.

"Yaya dai?"

"Gizo-gizo ne ya ƙoshi."

Wata jar alama ta fara ƙyalli a gefen allon tana ƙara, ɗit, ɗit, ɗit.

"Wannan fa?" in ji Sodangi.

"Iskarsa ce za ta ƙare. Nan ne mutane ke riƙe numfashi."

"Ƙarya suke. Mugunyar iska ba ta kuka. Daɗi ma gare ta. Sai ka ji kamar ka ɗan zauna ka huta." Ya faɗe ta kamar mai faɗin farashin gero, ya yi hamma.

Dini ya dube shi. Wata biyar na alli, ga shi mutumin ko gira bai ɗaga ba. Shi kansa, in za a faɗi gaskiya, bai ji komai ba. Ya ci gaba da dannawa don dai a kai ƙarshe.

Sai suka iso wani wuri da ramin ya rabu biyu. Mai surutun nan ya wuce gaba, ya nufi wani ƙaramin rami da ya yi ƙasa, yana dariya yana magana.

"Tsaya," in ji Sodangi.

"Ba ni ke tuƙa shi ba."

"Kira shi. Bai gwada wurin ba. Ba ku da wuta? Jefa wuta tukuna."

"Taubashi, haka aka tsara shi, dole ya shiga."

Mai surutun ya shige. Muryarsa ta yi ta raguwa a rediyo, sai shiru. Igiyar da ke allon ta miƙe. A nan ne Dini ya ga hannun Sodangi na dama ya tashi daga gwiwa, ya dunƙule a kan iska, ya ja sau ɗaya.

Guntun gwajin ya ƙare, rubutu ya fito cewa a jira fitowar cikakken. Sodangi ya cire iyafis ɗin, ya duba hannunsa kamar na aro ne, ya ce siminti na jiransa, ya fita.

Dini ya daɗe zaune cikin shagon da bargo a taga. Duk wa'azin da ya yi wata biyar, ashe bai kai ga gindin zancen ba. Dodo da duhu da ƙarar iska, duk kayan miya ne. Tsoro ba ya zuwa sai in akwai wanda kake jin asararsa a ƙarshen igiyar. Sodangi ba ya cikin mutanen da Sodangi ke jin asararsu, shi ke nan matsalar.

Asabar da hantsi Dini ya hau mashin ɗin aro, ya biya Kaikai, Kulu ta miƙo masa fitilar a cikin leda, ta goge ta, ta zuba kananzir. Ya iske an ɗage kwanon rijiyar Bauranya, mutanen unguwa sun kewaye, ƙarti biyu da aka samo don riƙon igiya suna tofa yawu a hannu. Sodangi ya tuɓe riga yana ɗaure wando.

Dini bai yi wa kowa sallama ba. Ya ajiye fitilar a ƙasa, ya ɗauki bakin igiyar ya naɗa a ƙugunsa, ya zauna a gefen rijiyar ya zura ƙafafu ciki.

"Yau ni zan fara shiga. Na gaji da na talabijin."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Wanga ɗan wa ne?"

"Tashi, Dini," in ji Sodangi.

"Wallahi sai na shiga. Kai kullum kana shiga haka nan ba abin da ya same ka. Ka fi ni rai ne? Malamai, ku riƙe."

Ya juya ya kama baki, ya laluba da ƙafa ya sami ramin taka na farko, ya sauka ɗaya. Sai ya yi kuskuren duba ƙasa. Ba dodo, ba ƙara, ba jar alama. Baƙi ne kawai mai sanyi, da wani wari kamar na tsohuwar randa. Yatsun ƙafarsa suka ƙanƙame ƙasa. Abin da ya yi wata biyar yana jira ya zo masa kyauta, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Duk da haka ya nemi rami na biyu.

Hannu kamar dutsen niƙa ya damƙi wuyan rigarsa, ya tsamo shi ya dire a gefe.

Sodangi ya tsaya yana kallon fitilar. Sannan ya tsuguna, ya ce a ba shi ashana. Ya kunna, ya daidaita lagwani da babban yatsa, ya ɗaura zare, ya fara zurawa. Kowa ya leƙa. Gaba ɗaya, biyu, huɗu, wutar na tafiya tana haska bango. A gaba na bakwai ta tsuke, ta zama kamar ƙwayar gero. Kafin na takwas ta mutu, ba iska, ba motsi.

Ɗaya daga cikin ƙartin ya saki igiyar ya ce innalillahi a hankali.

Sodangi ya jawo fitilar, ya taɓa gilashin, ya ajiye. Fuskarsa na nan yadda take. Ya ce a saro rassan darbejiya masu ganye, a ɗaure, a yi ta zurawa ana jawowa har la'asar, a bar bakin a buɗe, gobe a sake gwadawa. In ta mutu gobe, a sake jibi. Fitilar kuma ya rataye ta a jikin daginsa, bai mayar da ita leda ba.

Dini na zaune a ƙasa, bakinsa ya dawo aiki.

"Jama'a ku shaida! Abin da maciji ya kasa, abin da Turawa da kumbonsu suka kasa, ni Zahradeen na yi. Sodangi ya ji tsoro! Faɗi gaskiya, taubashi, gabanka ya faɗi ko bai faɗi ba?"

Sodangi ya sunkuya yana kwance masa igiyar daga ƙugu.

"Gawarka nauyi za ta yi, ga ni ba mataimaki. Ɗaga hannu, ka ɗaure ta kamar ta akuya."