Ranar da Malama Safiyyatu ta tsayar da babura

Ƙarfe bakwai na safe, hadari ya haɗo ta gabas, Malama Safiyyatu na gaban kwamfuta a wani ɗan ofis a Tambuwal. Shekara shida aikinta guda ne, gwada manhajar da malaman dabbobi ke rubuta shanun da aka yi wa rigakafi. Gwaji ɗari uku ne, kwamfuta ke yin su da kanta. Da can bi da bi suke tafiya. Ita ta raba su gida huɗu suna gudu lokaci guda, kamar manoma huɗu kowa ya kama kunyarsa.

Ran nan gwaji guda ya fito ja, alamar matsala, maimakon kore. Ga babura a bakin ƙofa, za su kai masu allura Kebbe da manhajar a wayoyinsu kafin ruwa ya yanke hanya, makiyaya kuwa jibi za su tashi.

Ɗangiwa, shugaban ofishin, ya leƙo. "Malama, jera su bi da bi mana. Jiya hakanan munka yi, duk kore."

"Ranka shi daɗe, can daji bi da bi su ka rubutu? Mutum fuɗu ne, kowa da wayatai."

"Ruwa dai ba shi jiran gwajinki."

"Na sani. A ba ni awa guda."

Ta sake sakin gwaje-gwajen, kore. Ta sake, kore. A na bakwai ja ya dawo. Yayyafi ya fara, masu babura suka lulluɓa da buhu suna tsaki. Can ta gano matsalar: in mutum biyu suka rubuta a daƙiƙa ɗaya, sai bayanin garken wani ya hau na wani. Da an tafi haka, makiyayi irin Na'iya na wajen Fakku sai a ce an yi wa shanunsa, alhali allura ba ta taɓa su ba, su shiga daji hakanan.

Aka gyara, ta saki sau ashirin, duk kore. Babura suka haye rafi ruwa iya gwiwa.

Malama, ke ce mai tankaɗe tun ba a ɗora tukunya ba. Mun gode, Allah shi saka da alheri. Duk mai aiki irin naki, in ya ga ja guda, kada ya kau da kai.

Washegari Na'iya ya shigo Tambuwal sayen kanwa, an yi wa shanunsa allura kaf. Wayarsa ta mutu, ya leƙa ofishin neman caji. Ta cire tata ta sa tasa. Da ta cika ya karɓa, ya fita yana kiran gida, ko sunanta bai tambaya ba.