Haƙorin da Ƙadangare Bai Gani Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da na cire wa wata yarinya haƙori a Runka ba, zamanin Turawa, shekarar da na gaji zabirar mahaifina.

Lokacin ina ɗan ashirin da 'yan kai, ga ƙuruciya ga ji da kai. Wanzanci gadonmu ne, sai dai tsohona ya rasu ban gama kwasar abin da ke kansa ba. Aski da ƙaho da cire beli duk na iya. Haƙori kuwa sau biyu kacal na ga ya cire, su ma na tsofaffi ne da suka riga suka fara rawa. Asibiti a lokacin sai Katsina, tafiyar kwana biyu a ƙasa, don haka duk mai ciwon baki ƙofarmu yake nufa.

Wata safiya wata bazawara ta shigo zaurenmu riƙe da ɗiyarta, 'yar kamar shekara bakwai. Bayan mun gaisa ta ce, "Wanzam, ka rufa mini asiri. Duba bakin ɗiyar ga."

Yarinyar ta buɗe baki. A ƙasa, bayan haƙoranta na gaba, wasu biyu sun tsiro daga ciki, sun yi layi na biyu. Uwar ta ce matan unguwa sun hana ɗiyansu cin tuwo kwano ɗaya da ita, wai haƙoran maita ne. Tana faɗa tana share hawaye da bakin zane. Wallahi ta ba ni tausayi, amma ba tausayin kaɗai ya tunzura ni ba. So nake a ce ɗan marigayi ya maye gurbin ubansa.

Na yi lissafina na marar sani: na waje su ne 'yan gida, na ciki baƙi, to baƙin za a kora. Na ɗauko awartaki, uwar ta danne kan ɗiyarta a cinya. Haƙorin ya ƙi. Na yi gumi, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, kafin ya fito, faffaɗa, fari tas, da saiwa a gindinsa. Na miƙa hannu zan kama na biyu ke nan, sai wata tsohuwar Bafillata da ke kawo mana nono ta dire ƙwaryarta a bakin zaure.

"Kai ɗan nan, aje ƙarfen ga! Mi kake yi haka?"

Na ce, "Inna, baƙin haƙora nake cirewa."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta sa yatsa ta taɓa na wajen, sai ga shi yana rawa. Ta ce, "Wanga shi ne mai tafiya. Na ciki shi ne na zama. Ko maraƙi haka yake, manya su turo ƙanana su faɗi. Ba ka taɓa buɗe bakin saniya ba?"

Na dubi abin da ke tafin hannuna, na so a ce ana mayarwa.

Ba a yi wata guda ba yarinyar ta yi famfara, na wajen biyu suka faɗi da kansu. Uwar ta kawo mini ɗaya in gani: ɗan mitsitsi, ko alamar saiwa babu. Na cikin da ya tsira ya matso gaba a hankali ya shiga sahu, surutun maita ya mutu. Gurbin wanda na cire kuwa ya zauna fayau.

Kun san abin da ake gaya wa yara, wai in ƙadangare ya ga giɓi, haƙori ba ya fitowa. Yarinyar nan ta shekara tana yawo da hannu a baki. Rannan ta tare ni a hanyar rijiya ta ce, "Kawu, ban bari ƙadangare ya gani ba, ko sau ɗaya. Yaushe zai fito?" Na ce ta gaida innarta, na wuce ina jin kamar in nutse.

Abin ya hana ni sakat, har wata ranar kasuwar Batsari na ajiye girman kai na je wurin malamin asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, da ya zo zagaye. Ya zana mini muƙamuƙi a ƙasa da tsinke. Ya ce haƙoran yarinta ashirin ne, kuma tun yaro na goye haƙoran girma suke kwance a cikin dasashi suna jiran lokaci. In sun taso su ke cinye saiwar na farko har ya faɗi. Wani lokaci sukan kauce su ɓullo ta baya, kuma ba komai ba ne. Na tambaye shi ko haƙori na fitowa karo na uku. Ya girgiza kai.

Bayan shekara ashirin, sai ga wata mata daga Safana ta yi sallama da ɗanta. Tana murmushi na gane ta, don haƙoran gefe sun matso amma ba su rufe ɓarnata ba. Yaron ya buɗe baki, layi biyu, sak irin nata.

Na ce, "Ɗiyata, duk wanzaman ƙasar nan ki rasa wanda za ki kawo wa sai ni?"

Ta ce, "Kawu, ai kai kaɗai na tabbata ba za ka taɓa ba."

Na duba, na ce su koma gida su jira. Suna fita na zauna na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Tun daga kanta na koyi cewa in ban san abu ba, in ce ban sani ba kafin in ɗauki ƙarfe, domin abin da hannu ya cire cikin gaggawa, wani ne zai rayu da gurbinsa.