Ƙwai Huɗu da Tasar Inna

Tun ina gidanmu a Madobi aka san ni da jarabar wanke-wanke. Ko tukunyar maƙwabta na gani da baƙi, sai hannuna ya kama ƙaiƙayi. Da wannan hali aka kawo ni aure Bunkure, gidan da uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, take da ɗaki mai jere har sama.

A ƙolin jeren akwai wata 'yar tasa mai murfi da take zuba goro. Azurfa ce, ta gada a wurin uwar mijinta, aikin wani gidan maƙeran fari na Kura tun ba a haƙa kanal ɗin ban ruwa ba. An zana dagi a murfin, da ƙananan ganyaye kewaye da shi. Duk na kai wa Inna abinci sai na saci kallon tasar, in ce a raina: abu mai kyau, amma ji dauɗa! Ramukan zanen duk sun yi baƙi ƙirin.

Watana biyar a gidan Inna ta tafi suna Kadawa, za ta kwana uku. Da za ta fita ta miƙo mini makullin ɗakinta. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

Lokacin kuwa tumatir ya yi kwantai, ga shi nan kwando-kwando yana ruɓewa a bakin kanal. Mu a gidanmu da ruɓaɓɓen tumatir da toka muke dirje kwanuka. Na sauko da tasar, na sami tsinken tsintsiya, na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ta yi fari tas, har tana ɗaukar ido.

Maigidan ya dawo daga ban ruwa, laka har gwiwa. Na tare shi da ita ina washe baki. Sai ya yi salati.

"Ke! Ina dagin?"

Na duba. Wallahi zanen ya ɓace, sai an karkata murfin a rana ake ɗan ganinsa. Ashe baƙin nan ba dauɗa ba ce, maƙeran ne suka sa shi da gangan don zanen ya fito.

"Ko ni da ta haifa ban taɓa riƙe tasar nan ba," in ji shi.

Ba faɗa nake tsoro ba, Inna ba ta faɗa. Tsorona ta karɓi makullinta shiru, daga ranar kuma kada ta sake ba ni shi.

Washegari da sassafe ya goya ni a babur sai Kura. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan. A ƙofa muka tarar da jikan maƙerin da ya ƙera ta yana walda, injinan ban ruwa zube a gabansa. Ya jujjuya tasar ya ce aikin kakansa ne kam, amma shi rabonsa da azurfa tun yana yaro. Na fara hawaye. Ya ce, "Ki shiga ciki wurin tsohuwa. Da ma baƙin, matan gida ke sawa."

Na sami mahaifiyar tasa a tsakar gida tana tsinar shinkafa. Tana ganin abin da ke hannuna ta tuntsire da dariya.

"Amarya ce ke ko? Ai na sani. Je ki kawo ƙwai huɗu."

Na aika wa maigidan, ya nemo. Ta dafa su, ta ɓare biyu ta farfasa da zafinsu a cikin langa, ta sa tasar a gefensu ta rufe langar. Sauran biyun ta barbaɗa gishiri ta cinye ina kallo.

"Iya, su waɗannan fa?"

"Biyu na aiki, biyu na mai aiki."

Bayan azahar ta buɗe. Wari ya tashi, tasar ta rine gaba ɗaya. Ta lakaci toka mai laushi da tsumma ta shafa saman kawai, a hankali. Sai ga dagi ya fito raɗau! Na rasa bakin godiya, na durƙusa ina ta sa mata albarka kamar ni ce babba.

Na wanke tasar sau uku, na mayar da goron, na ajiye ta inda take.

Ranar da Inna ta dawo, bayan mun gaisa ta miƙa hannu ta ɗauko tasar. Ta buɗe, ta kai hanci. Ni kuwa ina durƙushe, makulli a hannu.

"Tsohuwar nan ta Kura tana nan da ranta?"

Na sunkuyar da kai na ce tana nan.

"Ƙwai nawa aka karɓa?"

"Huɗu, Inna."

"Kai, an yi miki sauƙi! Ni da na yi tawa ɓarnar, shida uwar mijin tsohuwar ta sa na kawo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina dariya ina kuka. Na miƙa mata makullin, ta ture hannuna.

"Riƙe abinki. Wadda ta je har Kura saboda tasata ai ba ta zubar mini da kaya."

Inna ta rasu, tsohuwar Kura ma ta bi ta, Allah Ya jiƙansu. Tasar tana saman jerena yanzu. Bara ɗana ya yi aure, kuma na lura amaryar tasa ba ta iya wuce baƙar tukunya. Na ga irin kallon da take yi wa tasar in ta kawo mini abinci. Kaji dai ina da su.