Akwatin Nama Mai Gumi

Shekarun da ake ginin dam na Bakolori, ba abin da ya kai katako araha a Talata Mafara. Injinan kamfani suna zuwa cikin manya-manyan akwatuna, in an kwance su sai a jibge allunan bayan bariki, mai so ya ɗiba. Farin katako ne mara nauyi, mai ƙamshi, jikinsa duk idanu jajaye. Wai sunan bishiyarsa fayin, daga ƙasar sanyi take.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina fawa a ƙarƙashin mahaifina, kuma na ƙosa in ga teburin kaina. Sai duba-garin barikin ma'aikata ya ce za a ba mahauci ɗaya wuri a bakin ƙofa, amma da sharaɗi: nama ya zauna cikin akwati mai raga, fari fat, ba ƙuda ba datti. Ya ce zai zagayo ranar Talata, in bai ga abin da yake so ba, akwai wani mutumin Maradun da ke jira. Na ce masa ya ɗauka an riga an gama.

Kwana biyu na haɗa akwatin, na buga raga, na kwarara masa farin fenti kai tsaye a kan katakon. Ya yi kyau har na riƙa neman dalilin wucewa ta gabansa. Baba kuwa tun da ya gan ni da guduma ya daina kirana da sunana. "Kahinta, an tashi lahiya?" Abin yana yi mini ciwo, don a gidanmu wanda ya ajiye wuƙa kamar ya fita daga dangi ne.

Na bar akwatin a rana ya bushe. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tarar kowane ido na katakon ya tsattsafo da wani ruwa rawaya mai yauƙi, ya gangaro kan farin fentin. Wanda bai sani ba zai rantse ruwan ruɓaɓɓen nama ne. Na goge, na ƙara fenti. Asabar da azahar ya dawo, har ya fi na jiya. A nan kam tsoro ya kama ni.

Baba ya zo ya tsaya, ya lakato abin da yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Wanga icce kitse gare shi. Kai ɗan mahauci, mi aka yi ma kitse?" Ya yi gaba abinsa yana dariya.

Ba'a ya yi mini, amma ni amsa na ji. Kitse ai wuta ake kai masa. Na kankare fentin duka da tsohuwar wuƙa, na sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, na bi idanun nan ɗaya bayan ɗaya ina ɗora musu. Danƙon ya riƙa tafasa yana fitowa, ina sharewa da tsumma da kananzir, har kowane ido ya bushe. Na ƙirga su, talatin da ɗaya ne.

Saura toshe idanun. Duk wanda ya taɓa wanke tukunyar ganda ya san yadda romon fatar saniya yake bushewa ya yi tauri kamar gilashi. Na dafa yankakkun fata da kofato har ruwan ya yi kauri, na shafa da zafinsa a kan idanun, sau biyu. Da ya bushe na bi da sanfefa. Sannan na tsinka fenti da kananzir na yi shafen farko, siriri, don katakon ya sha ya ƙoshi. Lahadi da yamma na yi na biyu, Litinin na yi na ƙarshe. Na fitar da shi tsakar rana da gangan, na zauna ina kallonsa, ina jira ya yi gumi. Ko ɗigo bai yi ba.

Ranar Talata duba-gari ya iso kasuwa, rana na tsaka. Ya zaro farin hankici ya goga ciki da waje, ya leƙa kusurwa, ya duba hankicin. Ya ce gobe in kawo shi bakin ƙofa. Sannan ya ƙwanƙwasa murfin, ya ce matarsa na son irinsa don ajiye abinci, wane kafinta ne ya yi wannan aiki?

Na buɗe baki ke nan Baba ya riga ni daga bayan teburinsa, ko ɗaga kai bai yi ba, yana sarar ƙashi.

"Ranka shi daɗe, babu kahinta nan. Mahauci ne yay yi shi. Ɗana ne."