Goron da Muka Kawo Daga Birni

Ƙaurin gawayi idan an yayyafa masa ruwa, shi ke tuna min da kakana. Maƙeri ne a Balan, ta ƙasar Gaya. Ni aji uku na yi na bar boko, don haka ɗan abin da na sani na tarihin Kano daga bakinsa na ji, ina zuga masa wuta.

Har ya rasu bai taɓa cewa jiha ba, lardi yake cewa. Ya ce lardin nan da ya miƙe har Haɗeja da Gumel, birni ne kansa, birnin kuwa mu muka haife shi. Maƙeran Gaya ne suka bi tama har gindin dutsen Dala, suka zauna, gari ya taru a kansu.

"Shi ya sa duk Bagayen da ya shiga maƙerar birni, tashi ake yi a shimfiɗa masa buzu. Yaya ne ya zo."

Yana da aboki, wani tsohon Bafillace da ba ya raga masa. Kullum sai ya ce, "Yayan birni, yaushe ƙannen naka za su aiko da goro?" Mutane su yi ta dariya.

Wata shekara, bayan an yanke dawa, dariyar ta ishe shi. Kwana uku ya yi yana ƙera fartanya ɗaya. Ya sa rigarsa ta salla, ya ce in rako shi, don idonsa ya fara rauni. Ina da kamar shekara goma sha biyu. A bayan akori-kura muka tafi, kan buhunan gyaɗa.

Mun sami wata maƙera kusa da Dala. Samari ne a ciki, suna walda. Kakana ya yi sallama, ya ce daga Gaya yake, ya miƙa fartanyar hannu bibbiyu. Ɗayansu ya ɗan ɗago.

"Baba, mu ba ma sayen fartanya. Matsa kaɗan kada wuta ta ci maka riga."

Ba zagi, ba faɗa. Mun jima a tsaye. Daga baya ya jingine fartanyar a bango muka juya. Dutsen ma bai hau ba. A tasha ya sayi goro da kansa, ya ƙulle a bakin rawani.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, dattawa na zaune gindin durumi. Ya kwance goron ya raba musu, ya ce birni ya tashi masa, har buzu aka shimfiɗa. Bafillacen ya dube ni.

"Kai, jikan wuta, haka aka yi?"

Hannun kakana yana kan kafaɗata.

Na ce, "Haka aka yi."

Daga ranar ba wanda ya sake tsokanarsa.

Yanzu duk sun mutu. Maƙerar kakana ta zama shagon cajin waya. An yi ta yanka ƙasar ana sake mata suna, ni ban ga abin da ya ƙaru a tukunyata ba. Amma je ka Balan ka tambaya, za a gaya maka an taɓa yin maƙerin da birni ya tashi wa. 'Ya'yana ma haka suka sani, ban kuwa gyara musu ba. Ba na jin kunya, ba na jin daɗi. Sai dai idan aka taso da labarin mutanen da suka fara zama a Dala, nakan yi shakka. Ban san wane yaro aka tambaya a lokacin ba, shi ma ya ce haka aka yi.