Kunnen Buhu

Buhu kunne biyu gare shi, shi ya sa lodi ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Kai ka kama kunne guda da gindi, abokinka ya kama ɗayan, ku yi lilo da shi sau biyu, a na uku ku cilla kan mota. In ɗayanku ya riga sakin nasa, ko da ƙiftawar ido ce, nauyin duka a ƙugun ɗayan yake sauka, kuma babu mai gani sai wanda ya ji a jikinsa.

Na yi wannan aikin a Magama, bakin iyaka. Muna sauke masara da gero daga motocinmu, muna loda wa kamiyo, wato manyan motocin Nijar masu zuwa Maraɗi. Mu goma sha biyu ne ƙarƙashin wani tsoho da muke kira Sarki, don shi ne sarkin 'yan dako. Abokin kunnena wani gajeren mutum ne daga Riko, Kirista, iyayensa Maguzawa. Shekara shida muna kama buhu tare, kuma a shekara shidan nan ban taɓa yi masa ina kwana ba. Gaisuwarmu zagi ce. Da ya hango ni zai fara daga kaina ya gangaro har kan kakannina, ni ma in rama, sannan mu zauna mu sha koko a kwano ɗaya. Mutanen Kano suna yi mana tsiya wai mu Katsinawa da ashar muke karya kumallo. Ni dai ban taɓa musa musu ba.

Da aka kawo Shari'a, shugabannin wurin suka kafa doka: duk wanda aka ji ya yi ashar zai huta kwana guda babu aiki. Ni na ɗauki abin da gaske, don zuciyata ta so shi. Na daina zagi ɗungurungum. Washegari da na ga abokina na ce masa, "Barka da asuba, an tashi lahiya?" Ya dube ni, ya ce, "Lahiya lau." Na ji daɗin kaina ƙwarai, ina ganin na gyaru.

Bayan kamar mako biyu ya fara sakar mini kunne. Na farko na ce kuskure ne. Na biyar kuwa sai da na ji wani abu ya yi ƙas a bayana. Duk sanda ya saki sai ya ce, "Sannu malam, Allah shi sawwaƙe," da ladabin da ya fi mari zafi. Raina ya ɓaci matuƙa, amma bakina a ɗaure yake, sai in ce, "Ba komi." Sauran suka lura, suka fara cewa a sallame shi kafin ya karya ni. 'Ya'ya biyar gare shi, gonarsa kuma ba ta kai su damina.

Abin da nake son sani a lokacin shi ne yadda Sarki zai yi. Na sha ganinsa da masu faɗa: in biyu suka kama kokawa ba ya rabo, zama yake ya ci goronsa, in sun gaji ya ba su mota mafi nauyi su loda tare. Amma wannan ba faɗa ba ne. Me za ka ce wa mutumin da bai ɗaga murya ba, kuma yana yi wa wanda ya cuta addu'a? Kwana uku Sarki yana zaune kan wata tsohuwar taya yana kallonmu kawai, har na fara zargin tsufa ya cinye masa ido.

A rana ta huɗu ya miƙe, ya tuɓe rigarsa, ya ce in matsa. Shi da kansa ya kama kunnen da nake kamawa. Tsohon da ko butarsa sai an miƙo masa! Suka cilla buhu goma, abokin nawa bai saki ko sau ɗaya ba, har ma shi yake ɗauke rabin nauyin tsohon. Sarki ya mayar da rigarsa yana haki, ya ce, "To, hannunka lahiya lau yake. Ku biyo ni, ku biyun."

Ya sa mu a bayan wata kamiyo da muka gama lodawa. Muka wuce shingenmu, muka wuce na Nijar, jandarmomin suka ɗaga masa hannu don sun san shi. Gaba kaɗan ya buga jikin motar, muka sauka gindin wata aduwa, babu kowa sai awaki.

Ya ce, "Nan Nijar ce, dokar ba ta ƙetaro ba. Ku zagi juna in ji."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya juya ga abokina ya ce, "Kai ka hwara, tunda kai ne cikinka ya cika."

Maimakon zagi, abokina ya kawar da kai. Ya daɗe yana tona ƙasa da yatsan ƙafa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sarki, tun da anka kawo Shari'a bai sake zagina ba. Barka da asuba yake ce mini, kamar wani duwan, ɗan kwastan. Na san mi ke nan. Yau an daina zaginka, gobe a daina shan koko da kai, jibi a ce ka koma Riko. Na ce gara in ba su dalili da hannuna."

Kunya ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Ni ina can ina murna na tsarkake bakina, ashe shi kora yake ji a kowace gaisuwa. Ban taɓa tunanin yadda shekarar nan take a wurinsa ba, ko sau ɗaya.

Sarki ya dube ni ya ce, "Kai kuma hwa? Rana tana yi, akwai mota na jiranmu."

Na nemi ashar ɗin da na saba, na ga da gaske ba na son komawa gare ta. Sai na ce, "Kai, guntun banza mai kai kamar tulu! Don wannan shirmen za ka karya mini baya? Wa zai kore ka, wa zai yarda ya kama kunne da ni in ba kai ba?"

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya share hanci da bayan hannu, ya ce, "Sarki, ka ji ko? Ko zagin ma ya manta yadda ake yi."