Rufin Kwano a Kan Awaki

Inna Mai Awaki ba ta taɓa ƙaura ba, gari ne ya taso ya same ta. Lokacin da ta tare a gidan, daga bakin ƙofa gonaki ne iyakar ganinka. Yanzu mai walda ne a hagu, mai shagon caji a dama, ita da awakinta a tsakiya.

Wata safiya ɗanta direba ya shigo da labari. An sake shata mazaɓu, unguwarsu ta faɗa ɓangaren birni, a birni kuwa an hana kiwo cikin gida.

"Wa ya gaya musu nan birni ne?" in ji Inna.

"Hoto suka ɗauka daga sama, Inna. Rufin kwano suke ƙirgawa. Inda ya yi yawa, birni ke nan."

Ta ɗaga kai ta dubi rumfunan da shi da kansa ya rufa wa awakin da kwano bara, don kada ruwa ya dake su.

"Ashe bunsuruna ma magidanci ne," ta ce. "Sai ka karɓo masa katin zaɓe."

A ofishin shata mazaɓu, ma'aikaciyar ta saurare ta har ƙarshe, ta ce za a sake ɗaukar hoto bayan damina. Inna ta dawo ta sa aka kware kwanon, aka mayar da ciyawa. Duk daminar nan, in rana ta yi sanyi, takan kishingiɗa a tabarma tana kallon gajimare, tana tunanin yadda gidanta yake daga can sama: ɗan koren tabo, awaki kamar farar tsaba. Wani lokaci har ta ɗaga hannu, ko mai hoton yana kallo.

Amma a daminar nan mai walda ya gina ɗakunan haya, maƙwabcinsa ma ya bi sahu. Da sabon hoto ya fito, birni dai birni.

Layin da aka shata wa birni ya tsaya ne a bakin rafin da ke bayan gidanta. A tsallake gonar ƙanenta take, can ta kora awakin, bunsuru na tirjiya a kan gadar katako.

Yanzu kullum da hantsi takan yafa mayafi ta ɗauki ƙwaryar dusa.

"Inna, sai ina?" mai walda kan tambaya.

"Ƙauye za ni, ɗan birni. Akwai saƙo?"